Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Dokoki da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano kan gwajin jini kafin aure da lissafin gadon sikila

Mai girma Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano, mai girma Kwamishinan Lafiya, da 'yan kwamitin lafiya na majalisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan takarda malaman kimiyyar gado ne da likitocin jini da ma'aikatan ɗakin gwaji. Muna goyon bayan dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a watan Mayun 2024, wadda ta wajabta gwajin jinotayif (nau'in gadon jini, irin su AA, AS da SS) da na ƙanjamau da na ciwon hanta kafin ɗaurin aure. Abin da ya tayar mana da hankali wata magana ce da ta kama bakin jama'a tun daga lokacin, wai in aka bi doka sau da ƙafa, nan da 'yan shekaru za a kawar da sikila gaba ɗaya. Doka tana iya rage haihuwar yara masu SS, wato masu cutar, ragi mai yawa kuwa. Amma yawan S, wato gadon sikila, da ke yawo a jinin Kanawa ba zai ragu saboda ita ba, yana ma iya ƙaruwa. Duk kasafin kuɗin da aka gina a kan zaton cewa aikin na ɗan lokaci ne zai bar jikokinmu cikin matsala, don haka muke roƙon ku bi mu cikin lissafin a hankali.

Kowane mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon da ke gina himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jan jini. Ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayar tana kan kuromosom na 11, kuma bambancin A, kwafin da aka saba da shi, da S harafi ɗaya ne tak, wanda ya sauya tubali na shida a sarƙar beta ta himogulobin daga gulutamik zuwa balin, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a Ingila a 1957. Likita mutum yake dubawa, ya ce wannan AA ne, wancan AS. Masanin gadon al'umma kuwa kwafi yake ƙirgawa. A jarirai 1,000 akwai kwafi 2,000. Idan 280 daga ciki S ne, sai mu ce yawan S kashi 14 ne cikin 100, na A kuma 86.

A 1908 wani masanin lissafi Bature ɗan Ingila, G. H. Hardy, da wani likita Bajamushe, Wilhelm Weinberg, kowa a gefensa, suka nuna yadda ake fitar da yawan jinotayif daga yawan kwafi, matuƙar mutane suna aure ba tare da duba jinin juna ba. A ninka 0.14 da 0.14, ya ba da jarirai SS kusan 20 cikin 1,000. A ninka 0.86 da 0.86, ya ba da AA 740. Saura 240 su ne AS. Ku dubi inda S ɗin yake zaune: kwafi 40 kacal ke jikin masu cutar, 240 suna jikin mutane lafiyayyu waɗanda yawancinsu ba su san suna ɗauke da komai ba. Suka kuma nuna cewa wannan kaso ba ya motsi daga iyaye zuwa 'ya'ya sai wani abu ya ture shi. Abubuwan da ke ture shi huɗu ne: sabon kuskure a ƙwayar gado, wanda yake da wuyar faruwa har ba ya shiga lissafin jiha, ƙaura da cuɗanyar al'ummomi, dace da rashin dace a ƙaramar al'umma kamar ruga ko tsibiri, sai bambancin tsira, wato wani jinotayif ya fi wani kai wa ga girma da haihuwa. Motsin wannan kaso daga zuriya zuwa zuriya shi ne abin da masana ke nufi da juyin halitta a ma'aunin da ake iya ƙirgawa da alƙalami. Zaɓen wanda za a aura ba ya cikin huɗun nan. Shi aikinsa ya sauya yadda kwafi ke haɗuwa biyu-biyu a jikin jarirai, bai ƙara ko rage ko ɗaya daga cikin tulin ba.

Mai tambaya zai ce, to kwafin da ke kashe yara, yaya aka yi ya kai kashi 14 bai ƙare ba? Anthony Allison ya ba da amsar a 1954 daga bincikensa a gabashin Afirka: yaro mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kariyar da binciken da ya biyo baya ya auna da kusan kashi 90 cikin 100. Amma ba sai mun je Kenya neman hujja ba, domin ɗaya daga cikin mafi ƙarfinta a duniya daga ƙasarmu ta fito. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike kan maleriya a ƙauyukan Garki, lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu Jigawa. Alan Fleming da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin jinin mutanen a 1979. Cikin jarirai sabbin haihuwa kashi 24 AS ne, kusan kashi 2 SS. Cikin waɗanda suka haura shekara biyar, AS ya hau zuwa kashi 29, SS kuwa kusan babu, sun rasu tun suna ƙanana. Jinotayif ɗin mutum ba ya sauyawa bayan haihuwa. AS ya ƙaru ne saboda zazzaɓi ya fi ɗaukar yara AA.

A mayar da shi cikin jariranmu 1,000. A ajiye mace-macen da ke shafar kowa daidai. SS 20 sun tafi da kwafin S 40. A kan kowane AS 100 da suka tsira, AA kusan 83 ne suka tsira, wato 740 sun koma 614. Waɗanda suka kai aure 854 ne, masu kwafi 1,708, kuma 240 daga ciki S ne. A raba, kashi 14 ya dawo daram. Abin da sikila ta cire ta wannan ƙofa, sauro ya mayar ta waccan. Wannan daidaito shi ya riƙe S a ƙasar Hausa tun zamanin da ba a rubuta ba, kuma kuɗin da aka riƙa biya rayukan yara ne ta ɓangarorin biyu. Gidan da uwa ke haihuwa tana binnewa har a kira ɗanta ɗan wabi, sau da yawa irin wannan gado yana cikin abin da ke aiki a cikinsa.

Yanzu a sa doka a cikin lissafin. A ce ta yi aiki ɗari bisa ɗari, babu AS da ya auri AS. A ce kashi 25 na manya AS ne, kowannensu ya auri AA. Rabin aurarrakin jiha ke nan suna da mai AS guda a ciki, kuma rabin 'ya'yan irin wannan aure AS ne. Rabin rabi kashi 25 ne. 'Ya'yan sun fito da kason iyayensu, jikoki ma haka, har illa masha Allah. An daina haihuwar SS, alhamdu lillahi, wannan shi ne abin da ake nema. Amma ƙofar da S ke fita ta rufe, alhali sauro yana nan. Da a ce zazzaɓi yana kisa kamar zamanin binciken Garki, kashi 29 na AS zai koma 33 a zuriya ta gaba, sannan 37. Yau gidan sauro mai magani da magungunan zamani da rigakafin da ake ba yara wata-wata da damina sun rage fifikon AS a kan AA, don haka hawan zai yi sauƙi. Mafi kyawun abin da za a samu shi ne kason ya tsaya inda yake. Ma'anarsa a aikace, a kowane zamani, cikin haɗin saurayi da budurwa 16 da suka daidaita kansu, za a samu haɗi guda da dukansu biyu AS ne, kuma ranar da aka sassauta gwaji, a shekarar nan haihuwar SS za ta koma inda take.

Ko da an kawar da maleriya kwata-kwata, S ba ya saurin tafiya. A ɗauki mafi munin hali, wanda babu mai fatansa, a ce duk mai SS yana rasuwa kafin ya haihu. Kashi 14 zai ɗauki zuriya bakwai kafin ya koma 7, kimanin shekara 175 in an ƙiyasta zuriya da shekara 25. Kafin ya sauka zuwa kashi 1 sai an yi zuriya 93, sama da shekara 2,300, domin yayin da kwafin ke raguwa, yana ƙara ɓuya a jikin masu AS inda babu abin da ke taɓa shi. Baƙaƙen fatar Amurka sun isa misali. An kai kakanninsu can ɗaruruwan shekaru da suka wuce, an kawar da maleriya a ƙasar tun wajen 1951, jininsu ya cuɗanya da na wasu, amma har yau ɗaya cikin jarirainsu 13 yana ɗauke da S.

Abubuwa biyu na rayuwar aurenmu suna buƙatar a faɗe su da lamba. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar sikila kuma ba ya ƙara yawan S, amma yana ƙara damar kwafi biyu daga kaka ɗaya su haɗu. Tsakanin ɗan wa da 'yar ƙani, ko 'ya'yan mace da na namiji, haihuwar SS tana tashi daga 20 zuwa kusan 27 cikin 1,000. Ƙari ne na gaske, amma yawancin masu SS iyayensu bare ne ga juna, kuma gwaji ya wajaba a kan kowa. Na biyu, namiji AS da zai yi mata huɗu ba tare da gwaji ba, damar a samu aƙalla guda AS cikinsu ta kai kashi 68. Takardar auren fari ba ta wadatar wa na biyu, haka bazawara da mai ƙarin aure duk suna cikin hukuncin. Sannan a daina gaya wa ma'aurata cewa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne zai kamu, domin mutane suna fahimtar cewa in an haifi guda, uku na gaba sun kuɓuta. Kowane ciki ƙuri'arsa daban. Ma'aurata AS biyu da suka haifi shida, damar a ce babu SS ko ɗaya kashi 18 ne kawai.

Tunda aikin na dindindin ne, dole gwajin ya zama abin dogaro, kuma nan ne muka fi jin tsoro. Gwajin da ake ɗiga sinadari a kan gilashi a duba ko jini ya lanƙwashe kamar lauje, da gwajin narkewa a cikin kwalba, dukansu suna cewa akwai S ne kawai. Ba sa bambance AS da SS, kuma ba sa ganin C, wani nau'in himogulobin na gado, sam. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 20 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar AS ne, kashi 2 kuma AC, kuma C ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, inda 'yan uwanmu na zango suke auratayya da mu. Mai AC da aka ce masa "ba ka da sikila" ya auri AS, ɗaya cikin huɗu a kowane ciki SC ne, cutar da ke iya cin ido da ƙashin ƙugu. Bai kamata a bayar da takardar aure a kan waɗannan gwaje-gwaje biyu ba.

Gwajin da yawancin ɗakunanmu ke yi shi ne rarrabe himogulobin da lantarki a kan 'yar farar takardar selulos, wanda ma'aikata ke kira ilektiroforesis. Yana da kyau in an yi shi daidai. Ana ɗibar jini kamar mililita 2 a kwalba mai murfi shuɗi-ja mai hana daskarewa, a wanke jan jinin, a fasa shi, a ɗiga a kan takardar, a gudanar da shi cikin ruwan sinadari mai ma'aunin pH 8.4 zuwa 8.6. Kowace takarda dole ta ɗauki jinin shaida mai A da F (himogulobin na jarirai) da S da C a gefe, domin da shi ake gane wane layi ne wane. Inda ake samun matsala sananne ne. Ana maimaita ruwan sinadari har ya gaji, layukan su manne da juna. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, S bai gama rabuwa da A ba, a karanta AA. A ɗiga jini da yawa, layi ya yi kauri ya haɗiye na kusa da shi. A bar jini kwana da kwanaki cikin zafin bazara. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, jinin mai bayarwa yana nan tare da nasa, domin jan jini yana rayuwa kwana 120, sai mai SS ya fito kamar AS. A mai AS na gaske layin A ya fi kauri, S yana tsakanin kashi 35 da 40. In S ya rinjayi A, a dakata, a sake gwaji da wata hanya. Akwai kuma mai ɗauke da gadon talasemiya, wata cutar jini ta gado, wanda takardarsa ke nuna AA sak, sai an auna girman jan jininsa an kuma auna wani ƙaramin nau'in himogulobin mai suna A2 da na'urar HPLC, mai rarrabe nau'o'in himogulobin tana auna yawansu, an ga ya haura kashi 3.5. Shi ma in ya auri AS yana iya haifar ɗa mai sikila, kuma irin wannan ne ke sa miji ya zargi matarsa da abin da ba ta yi ba.

Muna roƙon ma'aikata ta fitar da jerin ɗakunan gwajin da ta amince da su, ta riƙa aika musu jinin da aka riga aka san jinotayif ɗinsa ba tare da sanarwa ba, aƙalla sau biyu a shekara, wanda ya faɗi a dakatar da shi har ya gyara. A riƙa ɗibar jini a gaban ma'aikaci tare da katin shaida, takardar ta ɗauki hoto da lamba da sunan hanyar da aka bi. Duk wanda sakamakonsa biyu suka saɓa, a warware da HPLC kafin a ɗaura aure. A kuma koya wa limamai da waliyyai cewa "O positif" rukunin jini ne, ba shi ake nema a wannan takarda ba.

Lokacin gwajin ma abin dubawa ne. Saudiyya ta wajabta irin wannan gwaji a 2004, kuma a farko kusan tara cikin goma na waɗanda aka gaya wa jininsu bai dace ba sun yi aurensu. Sai da aka ƙarfafa nasiha da wayar da kai kafin masu fasawa suka kai kusan rabi a 2009. Dalilin bai ɓoyu ga Bahaushe ba. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, lefe ya shiga gida, dangi sun yi anko, sannan ana saura mako guda a ce wa yarinya ta haƙura. A irin wannan matsi ne ake neman takardar bogi. Yaron da ya san jinotayif ɗinsa tun yana aji uku na ƙaramar sakandare ko a makarantar Islamiyya zai yi tambayar tun a zance na biyu, kafin magana ta kai ga manya.

Mafi alheri shi ne gwajin jarirai, domin jinotayif ɗin da aka tabbatar ranar haihuwa ya isa har ranar aure, kuma yana ceton wanda aka riga aka haifa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna ana haihuwar jarirai masu sikila kusan 150,000 a Najeriya duk shekara. Ɗigon jini daga diddige ya isa, amma jinin jariri cike yake da himogulobin F, don haka gwajin narkewa ba ya aiki a kansa, sai HPLC ko 'yan sandunan gwaji na nan-take irin HemoTypeSC da Sickle SCAN, waɗanda za a iya amfani da su ranar rigakafin farko. Jariri SS lafiya lau yake a watannin farko. Wajen wata shida, da F ya ja baya, sai uwa ta ga bayan hannu da ƙafa sun kumbura, yaro yana tsala kuka in an taɓa shi. Kafin wannan rana ya kamata a ce yana shan penisilin tun yana wata biyu, miligiram 125 sau biyu a rana har shekara uku, sannan 250 sau biyu a rana har shekara biyar. Gwajin da aka wallafa a Amurka a 1986 ya nuna hakan ya rage mummunar cutar ƙwayoyin nimoniya a jini da kashi 84. A koya wa uwa laluben saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, a gaya mata zafin jiki da ya kai 38.5 na asibiti ne a daren, ba na jiran safiya ba. Daga shekara biyu zuwa 16 a riƙa auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda nasa ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana bakin shanyewar ɓarin jiki. A nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, aka yi binciken da aka wallafa a 2022 wanda ya gwada maganin haidiroksiyuriya miligiram 10 da miligiram 20 a kan kowane kilo ga irin waɗannan yara, aka ga ƙaramin awon ma yana aiki wajen kare su. Ilimin a gida yake, abin da ya rage maganin ya shiga jerin na kyauta.

Za a samu mai cewa raya masu SS har su haihu zai ƙara yawan S. Zai hana shi raguwa, gaskiya ne, amma kaso ɗaya cikin bakwai na kwafin ne kawai ke jikinsu, kuma mai SS da ya auri AA ba zai haifi SS ko ɗaya ba, duk 'ya'yansa AS ne. Babu hujjar lissafi ko ta addini da za a hana shi magani ko aure. Haka mai AS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne a cikinmu, lafiyarsa ƙalau, kuma wannan gadon ne ya tsirar da kakanninsa daga zazzaɓi. Muna jin yadda iyayen maza ke fasa neman yarinya don an ce AS ce alhali ɗansu AA ne, kuma nauyin ya fi faɗa wa mata. Ma'aikata ta sa a rubuta a bayan kowace takardar sakamako, da Hausar boko da ajami, waɗanne haɗe-haɗe ne ke da haɗari da waɗanda ba su da shi.

Roƙonmu na ƙarshe ga majalisa shi ne ta wajabta wa ma'aikata buga alƙaluma duk shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: AA nawa, AS nawa, AC nawa, SS da SC nawa, a jarirai daban, a masu neman aure daban. Da waɗannan lambobi lissafin Hardy da Weinberg zai zama abin binciken aiki. Ɗakin gwajin da ke fitar da AS kashi 8 a garin da maƙwabtansa ke fitar da 24, a je a duba ruwan sinadarinsa da littafin rasit ɗinsa. Ƙaramar hukumar da AS ya kai kashi 24 a jariranta amma rajistar asibitinta ta nuna SS uku cikin 1,000 a 'yan shekara biyar, a tambayi ina sauran 17 suke, ba a gano su ba ne ko an binne su. In kuma SS a jarirai ya sauka ƙasa da abin da lissafi ya hango alhali AS yana nan yadda yake, to doka tana aiki, kuma a shekarar ne za a fi buƙatar ku riƙe kasafin gwajin kada a yanke shi.

Wassalamu alaikum.

Daga wasu malaman kimiyyar gado, likitocin jini da ma'aikatan ɗakin gwaji a Kano.